Wa ya wanke almakashin da aka yi maka tiyata da shi?



Duk ranar da aka ce za a yi wa wani namu tiyata, tambayoyin da muke yi ba sa canzawa. Wane likita ne zai yi? Hannunsa yana da kyau? Katin inshora zai ɗauki aikin, ko sai an yi karo-karo? Wa zai ba da jini? Sai a kira 'yan'uwa na Kumasi da na Tamale, a roƙi malamai addu'a, a zauna a benci bakin ɗakin tiyata ana jira. Akwai tambaya ɗaya da ba ma yi: almakashi da hantsaki da sauran ƙarafan da za a sa a jikin 'yarmu, wa ya wanke su, wa ya koya masa wankin, kuma wa ya gwada shi ya tabbatar ya iya?

Kayan nan ba sababbi ba ne. Allura da sirinji da safar hannu sau ɗaya ake aiki da su a jefar, amma ƙarafan tiyata suna da tsada, shekara da shekaru ake yi ana juya su. Almakashin da ya shiga jikin wani jiya da yamma shi ne zai shiga jikin wani yau da safe. Tsakanin mutum na farko da na biyu ba abin da ke tsaye sai aikin wani ma'aikaci da ba mu san sunansa ba, a wani ɗaki mai zafi da tururi can bayan asibiti. Manyan asibitoci irin su Korle Bu da Komfo Anokye suna da sashe sukutum na wannan aiki, wanda ma'aikata ke kira CSSD. A ƙananan asibitoci da gidajen haihuwa kuwa, sau da yawa wani lungu ne mai famfo da tukunyar tururi guda ɗaya.

Ra'ayinmu a wannan ƙungiya shi ne: wanda ke wannan aiki mai sana'a ne, kamar mai ɗibar jini a ɗakin gwaji ko mai ɗaukar hoton ƙashi. Ya kamata a koya masa aikin a makaranta, a yi masa jarrabawa, a ba shi takardar shaida da hukuma ta sani, a ba aikin suna da matsayi da albashin da ya dace. Kuma mu 'yan zango muna da hannu a maganar ta fuska biyu, domin mu ne a kan gadon asibitin, kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu suna cikin masu wanke ƙarafan.

Wani zai ce, wanki dai ai wanki ne, wace makaranta kuma? To bari mu bi almakashi ɗaya daga lokacin da likita ya ajiye shi.

Da farko ba a barin jini ya bushe a kansa, domin in ya bushe ya maƙale a mahaɗar almakashin da cikin haƙoran hantsaki. Ba a kuma zuba masa tafasasshen ruwa da fari, domin zafi yana dafa jini ya like da ƙarfe kamar yadda ƙwai ke kamawa a kasko. Sifirit ma haka yake yi. Sai an warware duk abin da ke warwaruwa, an buɗe duk abin da ke buɗuwa, an bi kowane lungu da burushi da sabulu na musamman, a ƙarƙashin ruwa don kada ya fantsama a fuska. Kayan da ke da rami kamar bututu suna da nasu siririn burushi. Bayan an ɗauraye an busar, sai a duba ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin fitila: akwai tsatsa? Bakin ya dakushe? Ya tsage? Daga nan a jera su yadda likita zai buƙace su, a ƙirga, a naɗe, a rubuta kwanan wata, sannan a sa cikin tukunyar tururi, wadda ake kira otokilef.

Tukunyar nan tsohuwar fasaha ce. Wani Bafaranshe, Charles Chamberland, wanda ya yi aiki tare da Louis Pasteur, shi ya ƙirƙiro ta a 1879. Dalilinta kuwa shi ne tafasa kaɗai ba ta isa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma akwai ƙwayoyin cuta, irin mai kawo tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, da ke shiga wani ɓawo mai tauri su jure tafasa. Sai an kulle tururi ya matsu har zafinsa ya kai digiri 121 na aƙalla minti 15, ko digiri 134 na aƙalla minti 3, kafin su mutu. Kuma sai tururin ya taɓa kowane sashe na ƙarfen. In an cusa kaya da yawa, ko an bar almakashi a rufe, ko iska ta maƙale a cikin ƙunshin, injin zai yi ƙara ya gama lokacinsa, kayan su fito da zafi, amma ba su tsarkaka ba. In akwai ɗigon busasshen jini da aka bari, tururi ba zai ratsa shi ba. In ƙunshi ya fito da danshi, ya ɓaci, domin ƙwayar cuta tana bin jiƙaƙƙen ƙyalle ta shiga. In dumsor ya zo a tsakiyar aiki, ba a ɗorawa daga inda aka tsaya, daga farko ake sakewa. Tef ɗin nan mai layi-layi da ake mannawa a ƙunshi, wanda ke yin baƙi bayan ya sha zafi, abin da yake nunawa kawai shi ne ƙunshin ya shiga tukunya. Ba ya nuna cewa abin da ke ciki ya tsarkaka. Don haka akwai wata alama da ake sawa a tsakiyar ƙunshin, akwai gwajin da ake yi wa manyan injuna kowace safiya kafin a fara aiki, akwai kuma gwaji da ƙwayoyi masu taurin rai da ake sawa da gangan a ga ko injin zai kashe su. Duk wannan a rubuta shi a littafi, domin in wani mara lafiya ya kamu da ciwo bayan mako biyu a iya komawa a ga wane ƙunshi aka buɗe masa, kuma su wa aka yi wa aiki da 'yan'uwan wannan ƙunshi.

Ba duk kaya ne ke shiga tururi ba ma. Doguwar robar nan mai kyamara da ake zurawa ta baki a duba ciki, zafi lalata ta yake yi, sai dai a jiƙa ta a wani magani mai ƙarfi na ƙayyadadden lokaci, maganin da tururinsa ke sa wasu ma'aikata ciwon asma. Mai aikin sai ya san wane kaya ne ke huda jiki, wanne ne ke taɓa cikin baki ko gaba kawai, wanne ne ke tsayawa a kan fata, domin kowanne da irin tsabtar da ake nema masa.

Abin da ya fi ba mu tsoro a wannan sana'a shi ne kuskurenta ba ya ganuwa. In tela ya yi kuskure, riga ta ƙi shiga. In makaniki ya yi kuskure, mota ta ƙi tashi. Almakashin da bai tsarkaka ba kuwa yana ƙyalli daidai da wanda ya tsarkaka. Likitan da ya karɓe shi bai sani ba, nas ɗin da ta miƙa masa ba ta sani ba. Sai bayan kwanaki, an sallami maijego ta koma gida, ɗinki ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. Mu kuma mu ce jikinta ne ba ya son ɗinki, ko mu ce baki ne. In ciwon hanta ne ma, sai a yi shekara 20 kafin ya nuna kansa, lokacin ba wanda zai tuna da wata ƙaramar tiyata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022, cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibiti, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 kuma a ƙasashe irin namu, suna ɗaukar wata cuta a asibitin wadda ba da ita suka zo ba. Tun a 2016 ta ce a Afirka matan da ake yi wa tiyatar haihuwa, har kashi 20 cikin 100 na iya samun ciwo a wurin yankan. Ba mu ce duk laifin ƙarafa ba ne. Akwai wanke hannu, akwai ruwa, akwai tsabtar ɗaki, akwai cunkoso. Amma ƙarfe shi ne ke shiga can ciki inda jiki ba shi da fatar da za ta kare shi. Wanda yake son ya ga iyakar ɓarnar da kayan aiki marasa tsarki ke yi, ya dubi Masar. Daga shekarun 1950 zuwa 1980 an yi ta yi wa mutanen karkara allurar maganin tsargiya da sirinjin gilashi, ana sake amfani da su ba tare da an tsarkake su yadda ya kamata ba. Niyya mai kyau ce, ma'aikatan gwamnati ne suka yi. Sakamakon shi ne binciken ƙasa na 2008 ya samu kusan mutum 1 cikin 10 na manya yana ɗauke da ciwon hanta nau'in C. Sai da Masar ta kashe dukiya mai yawa da shekaru kafin ta shawo kan abin.

A nan Ghana damuwarmu ta fi ƙarfi kan nau'in B. Wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, ya kiyasta kusan kashi 12 cikin 100 na jama'a suna ɗauke da shi. Ke nan a kowace rana, cikin tarin ƙarafan da ke zuwa ɗakin wanki, akwai waɗanda suka fito daga jikin mai wannan cuta, ko shi kansa bai sani ba. Ƙwayar tana iya rayuwa a busasshen jini kwana 7 ko fiye. Kuma wanda ya fara haɗuwa da ita shi ne mai wankin. In abu mai kaifi da ya taɓa jinin mai ƙanjamau ya soke mutum, yiwuwar kamuwa kusan 3 ce cikin 1,000. In jinin mai ciwon hanta nau'in B ne, ga wanda bai yi rigakafi ba, tana iya kaiwa 30 cikin 100.

To, su wa ke wannan aiki? A asibitoci da yawa shugabar sashen nas ce da ta yi karatun aikin tiyata, kuma muna jinjina musu. Amma hannuwan da ke cikin ruwa daga safe zuwa dare sau da yawa na waɗanda asibiti ke kira odali ne, ko kilina, ko mataimaki. An ɗauke shi da sunan shara ko tura gadon marasa lafiya, wata rana aka rasa mutum a ɗakin wanki aka ce je ka taimaka, wani tsohon hannu ya nuna masa na 'yan kwanaki, shi ke nan. Wasu cikinsu sun shekara 15 suna yi, sun san sunan kowane ƙarfe fiye da sabon likita, amma a takardar albashi har yau odali ne. In ya bar wannan asibiti ya nemi aiki a wani, ba shi da takardar da zai nuna. Daga ƙasa zai sake farawa.

Koyo a bakin aiki ba laifi ba ne, haka mafi yawanmu muka koyi ɗinki da tuƙi da kasuwanci. Illarsa a nan ita ce mai koyo yana gadar kuskuren ubangidansa tare da gwanintarsa, kuma in ilimi ya canza ba mai gaya masa. Ga misali. Shekaru masu yawa ana koya wa ma'aikata a Afirka cewa da an gama aiki a tsoma ƙarafa cikin ruwan bilic, irin Parazone ɗin nan, na minti 10 kafin a wanke. Kowa ya haddace. Sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora kan tsarkake kayan asibiti, ta ce a daina: bilic yana cin ƙarfe ya bar ƙananan ramuka inda datti ke ɓuya, jini yana kashe ƙarfinsa, kuma yana sa ma'aikaci ya saki jiki yana zaton kayan sun zama ba haɗari. Nas tana da kwas da ake tilasta mata kafin ta sabunta lasisinta, a can za ta ji irin wannan. Odali wa zai kira shi kwas?

Akwai kuma abin da takarda ke ba mutum wanda ya wuce ilimi, wato bakin magana. Ku ɗauka ƙarfe 2 na dare ne, ga mace tana naƙuda an ce sai tiyata, ga wata tana jira, ƙunshin kaya ya fito daga tukunya da danshi. Likita ya aiko a kawo yanzu-yanzu. Ma'aikacin da aka horar, wanda ke da lambar rajista da sunan sana'a, yana iya cewa: ranka ya daɗe, wannan bai yi ba, ga wani, ko a ba ni minti kaza. Kuma doka tana bayansa, domin sa hannunsa ne a littafi. Yaron da aka ɗauka a matsayin kilina, wanda ake iya kora da baki gobe da safe, ba zai iya ba. Zai miƙa ƙunshin ya yi shiru. Mu da muka taso da girmama na gaba mun fi kowa sanin wuyar ce wa babba a'a. Saboda haka matsayin da muke nema wa waɗannan ma'aikata, kariya ce ga wadda ke kwance a kan tebur.

Wasu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanya. A Amurka akwai jarrabawa ta ƙasa ga masu wannan aiki, ba a ba mutum cikakkiyar shaida sai ya yi awa 400 yana aikin da hannunsa, kuma kowace shekara sai ya ƙara karatu kafin a sabunta masa. Jihar New Jersey ce ta fara mayar da shaidar dole, daga baya New York, inda 'yan zango da yawa ke zaune a Bronx, ta bi sahu. A Ingila tsoron cutar haukar shanu da ta bayyana a jikin mutane a 1996 ya sa aka tsaurara dokokin wanke kayan tiyata da bin sawun kowane ƙunshi, kuma masu aikin suna da cibiyarsu ta ƙwararru da matakan karatu. Ko a can ma suna kukan cewa ba a ganin girmansu kamar sauran ma'aikatan lafiya. Amma aƙalla akwai tsani, mutum ya san matakin da yake da wanda zai hau.

Mu ma ba daga babu za mu fara ba. Dokar 2013 mai lamba 857 ta kafa majalisar da ke rajistar ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ko nas ba, irin masu gwajin jini da masu gashin ƙashi da masu auna ido. Dokar 2011 mai lamba 829 ta kafa HeFRA, hukumar da ke ba asibitoci da kilinik lasisi. Hukumar koyar da sana'o'i, CTVET, tana da tsanin takardu mai hawa 8, kuma tana da tsarin gwada wanda ya koyi sana'a a bakin aiki a ba shi shaida ba tare da ya koma aji daga farko ba. Gidajen suna nan a gine. Abin da muke roƙo shi ne a buɗe wa mai tsarkake kayan tiyata ƙofa a cikinsu: manhaja guda da aka amince da ita a ƙasa baki ɗaya, jarrabawa guda, sunan aiki a tsarin albashin gwamnati, sannan HeFRA ta riƙa tambayar kowane wurin da ake yanka ko ɗinki ko cire haƙori, wa ke kula da tukunyarku, ina shaidarsa?

Mun san abin da za a ce. Za a ce ƙasar da ke da dubban nas da suka gama makaranta suna zaune a gida suna jiran a ɗauke su, ina ta ga kuɗin sabon rukunin ma'aikata? Amsarmu ita ce mutanen nan suna nan, ana biyansu tuni, gyara ake nema, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kwas na 'yan watanni bai kai kuɗin mutum ɗaya da aka sake buɗe wa ciki saboda ɗinki ya ruɓe, aka kwantar da shi wata guda ana ɗura masa magani mai tsada ba. Za a kuma ce da sun sami takarda za su tsere Ingila kamar yadda nas ke yi. Wasu za su tafi, gaskiya ne. Amma ba mu taɓa jin an ce a rufe makarantar nas don wannan dalili ba.

Tsoron da muka ɗauka da gaske wani ne daban, kuma ya shafe mu kai tsaye. A ƙasar nan da an ce takarda, abin da ke biyowa shi ne sai mai WASSCE da kiredit a Turanci da lissafi da kimiyya. In aka yi haka, ranar da aka ɗaukaka aikin ita ce ranar da za a kori waɗanda suka riƙe shi lokacin da ba mai so. Dattijon da ya yi makarantar allo, ya shekara 20 yana shaƙar tururi, sai a kawo masa yaro mai difloma ya zama ubangidansa, shi kuma a mayar da shi shara. Wannan zalunci ne, kuma asara ce ga asibitin. Sabon shiga a nemi takardar sakandare a wurinsa, ba mu ƙi ba, tun da yanzu sakandare kyauta ce. Tsohon hannu kuwa a gwada shi a gaban tukunya: a ba shi ƙunshi ya warware, ya wanke, ya jera, ya faɗi dalilin kowane mataki, da Hausa ko Twi ko Dagbani in ya fi masa sauƙi. Sai dai kada mu yaudari kanmu, aikin yana son karatu gwargwado. Dole mutum ya iya karanta agogon zafi da umarnin da ke jikin kwalbar magani, ya iya cika littafi. Wanda ya gaza a nan, ajin yamma na 'yan watanni zai ɗauke shi, kuma wannan abu ne da makarantunmu na zango za su iya yi ba tare da jiran kowa ba. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 yana da koyar da sana'a da lafiya cikin ayyukansa. Ba mu ga abin da ya fi wannan dacewa da su biyun ba.

Yanzu bari mu shigo gida, domin ba a asibiti kaɗai ƙarfe ke taɓa jini ba. Kalmar wanzam da duk Ghana ke amfani da ita daga bakinmu aka ɗauke ta. Wanzamanmu su ne suka yi wa mutanen ƙasar nan kaciya tun kafin asibiti ya kai ƙauyukansu, kuma har gobe su ne ke askin suna, da ƙaho, da kaciya a gidaje da yawa daga Nima zuwa Aboabo. Ga masu yankan farce da ke zagayawa da almakashi ɗaya daga benci zuwa benci. Ba mu kawo su nan don mu ci musu fuska ba, iyayenmu ne, kuma da yawansu sun riga sun koma sabuwar reza ga kowane mutum. Amma goge aska da tsumma ko da ɗan sifirit, ko wuce da ita ta kan wuta sau ɗaya, ba ya isa. Ƙahon dabba kuwa ba a iya tsarkake cikinsa yadda ya kamata. Ku tuna jaririn da ake yi wa aski ko kaciya ranar suna kwanansa 7 ne, allurar penta ta farko mai ɗauke da rigakafin ciwon hanta kuma sai ya kai mako 6. Babban mutum in ya kamu da nau'in B, mafi yawanci jikinsa yana korar ta. Jariri in ya kamu, kusan 9 cikin 10 suna zama da ita har tsawon rai.

An ce wanzami ba ya son jarfa, kuma mun san wasu za su ce kakansu bai yi kwas ba. Haka ne, amma kakan bai san akwai wannan ƙwaya ba, mu mun sani. Muna ganin wanzaman za su fi karɓar abin in ya zo ta hannun shugabanninsu da sarakunan zango, tare da ofishin lafiya na gunduma: horo na 'yan kwanaki da Hausa, gwaji da hannu, sannan kati mai hoto da mutum zai nuna wa maigida kafin ya taɓa ɗansa. Wanda ya riƙe irin wannan kati kasuwarsa ce za ta ƙaru. Mu kuma masu kiransu mu yarda mu ƙara 'yan sidi na sabuwar reza da safar hannu, mu ce a buɗe rezar a gabanmu. Wanda ya sayi rago bai kamata kuɗin reza ya gagare shi ba.

Sauran gyaran na bakinmu ne. Yaro ya sami aiki a ɗakin wankin kayan tiyata, sai uwa ta ɓoye, in an tambaya ta ce yana aiki a asibiti kawai. Ya je neman aure a ce ai jinin mutane yake wankewa. Mun ga abin da ya faru a 2019 da ma'aikatan ɗakin ajiye gawa suka tafi yajin aiki: mu da ba ma son gawa ta kwana, a ranar muka san akwai su. Ba ma fata sai masu tukunyar tururi sun ajiye aiki kafin mu san cewa in suka tsaya, duk ɗakunan tiyata sun tsaya, komai yawan likitoci. Hajiyoyinmu da magajiyoyi, ku kuke da wannan magana a wurin biki da suna, in kuka kira aikin da sunan sana'a, unguwa za ta bi.

Muna roƙon duk ɗan zango da ke wannan aiki, a asibitin gwamnati ko na kuɗi, da duk wanzami da mai yankan farce, ya ba sakataren ƙungiya sunansa da shekarun da ya yi yana yi. Da wannan lissafi za mu je wurin 'yan majalisarmu da shugabannin asibitocin da ke kusa da mu, mu kuma nemi ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta ɗauki maganar zuwa teburin albashi. Kafin nan, akwai abin da ba ya jiran doka. Rigakafin ciwon hanta nau'in B ya shiga allurar jarirai a Ghana a 2002, don haka duk wanda aka haifa kafin wannan shekara bai samu yana yaro ba. In kana taɓa ƙarfe mai jini, ka je a gwada ka. In ba ka da cutar, allura 3 ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. In kuma wani abu ya soke ka a bakin aiki, ka wanke wurin da ruwa da sabulu, ka faɗa wa shugabanka a take, kada ka jira gari ya waye, domin maganin kariya daga ƙanjamau ba ya aiki in an wuce awa 72.